Doka da 'Yanci a Kiɗan Jaz: Jerin Dammunan Sauti da Ƙiren Makaɗi



Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo da dare ya ci karo da kiɗan nan na baƙaƙen fatar Amurka da ake kira jaz, abin da yakan fara faɗo masa a rai shi ne, mutanen nan ba su da shugaba. Mai ƙaho ya yi gabas, mai fiyano ya yi yamma, mai ganga yana can yana tasa hidimar, ba waƙar da za a riƙe a baki, ba amshin da za a jira. Wasu su ce hayaniya ce kawai. Wasu kuwa, masu son a ce sun waye, su ce ai daɗin abin ke nan, kowa yana busa abin da ransa ya raya masa. Dukansu biyu sun yi kuskure, kuskuren kuwa iri ɗaya ne, domin dukansu sun ɗauka babu doka a cikin kiɗan. Akwai doka, mai tsanani ma, sai dai ba a saman kiɗan take ba, a ƙarƙashinsa take. Makaɗan suna jin ta, suna ƙirga ta a zuci, wanda ya saɓa mata kuma 'yan'uwansa sukan gane nan take. Wannan doka, da kokawar da makaɗan jaz suka yi ta yi da ita, ita ce abin da wannan lacca za ta duba.

Dole a fara da fiyano, domin a kansa ne abin ya fi fitowa fili. Idan aka dubi madannansa za a ga farare da baƙaƙe. An sa wa fararen sunaye da haruffa bakwai, daga A zuwa G, in sun ƙare a sake komawa farko. Wanda ya fara daga C ya bi farare yana hawa, C, D, E, F, G, A, B, to na takwas C ne kuma, sauti iri ɗaya da na farko, sai dai ya fi shi siranta. Wannan jeri shi ne tsani, kowane sauti a cikinsa kuma mataki ne: C mataki na 1, D na 2, har zuwa B na 7. In aka haɗa da baƙaƙe biyar ɗin da ke tsakani, sautuka 12 ke nan, tazarar da ke tsakanin kowane ɗaya da maƙwabcinsa kuwa ita ake kira rabin taki. Sautin da aka fara tsanin da shi, shi ne gida. Ana iya kafa gida a kan kowane ɗaya daga cikin sautukan nan 12, a gina masa nasa tsanin.

To, kiɗan Turawa ya daɗe da wata al'ada wadda ba ta da ƙarfi a kiɗan gargajiya na ƙasar Hausa, watau a danna sautuka uku ko huɗu daban-daban a lokaci guda, su tashi tare kamar murya ɗaya mai kauri. Turawa suna ce da wannan kod. A nan za a kira shi dami, domin kuwa kamar damin hatsi yake, zangarniya da yawa, ɗauri ɗaya. Yadda ake ɗaure shi ba wuya: a ɗauki mataki ɗaya, a tsallake na gabansa, a ɗauki na gaba, a sake tsallakewa. Damin da aka kafa a kan mataki na 1 shi ne C, E, G, B. Na mataki na 2 shi ne D, F, A, C. Na mataki na 5 kuwa G, B, D, F. Waɗannan uku, in aka jera su 2, 5, 1, su ne jerin da ya fi kowane yawa a kiɗan jaz, har ana iya cewa wanda ya san su ya san rabin hanya.

Me ya sa waɗannan uku, ba wasu ba? Dalilin yana cikin sautuka biyu kacal. A cikin dami na 5 akwai B da F, tsakaninsu rabin taki shida, watau daidai tsakiyar tsani. Kunnen da ya saba da wannan kiɗa ba ya samun natsuwa da wannan tazara, yakan ji kamar an yi tambaya ba a ba da amsa ba. Da zarar an koma dami na 1, sai F ya sauko rabin taki ya zama E, tambayar ta sami amsa. Haka nan daga dami na 2 zuwa na 5, C ne yake saukowa rabin taki ya zama B. Ashe duk tafiyar, motsi ne na rabin taki sau biyu: shiri, ɗaurewa, kwancewa. Gwanin mai busa ya san inda waɗannan ƙananan ƙofofi suke. Yana iya yawo ko'ina cikin tsani, ya hau ya sauka yadda ya ga dama, amma a daidai lokacin da dami zai juya sai a same shi a bakin ƙofar, ya bi ta cikinta. Shi ya sa ko da an ɗauke fiyano an bar shi shi kaɗai, mai kunne yakan ji dammunan suna juyawa a cikin busarsa.

Akwai wata dabara da ta fito daga nan wadda ta cancanci a ambata. Tun da sirrin dami na 5 yana cikin B da F ne, to duk wani dami mai ɗauke da waɗannan biyu zai iya tsaya masa. Akwai kuwa irinsa, wanda aka kafa a kan baƙin madannin da ke tsakanin C da D. Sai makaɗa suka riƙa musanya su, jerin ya koma gangarowa rabin taki rabin taki, daga D zuwa baƙin madannin zuwa C. Wannan musanya tana daga cikin abubuwan da suka ba jaz na shekarun 1940 ɗanɗanonsa mai ɗan ɗaci.

Saura lokaci. An rarraba kiɗa gaɓa-gaɓa kamar rake, kowace gaɓa bugu huɗu. Kowane dami yana da adadin bugun da zai zauna kafin na gaba ya karɓe shi. In jerin ya kai ƙarshe sai ya koma farko ba tare da tsayawa ba, wannan shi ne zagaye ɗaya. Yadda aka saba, a zagaye na farko akan busa karin waƙar kamar yadda mai ita ya tsara. Daga nan sai a ajiye karin, a bar dammunan suna ta zagayawa, makaɗa su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ƙago sabon kari nasa nan take a kan wannan jeri. In kowa ya yi nasa, a sake busa karin farko a rufe. Masu nazarin waƙar baka suna da kalma ga irin wannan ƙagowa ta nan take, watau ƙire, irin wanda Alhaji Mamman Shata ya shahara da shi: kalangu da amshi suna nan ba su sauyawa, shi kuwa yana zuba sababbin ɗiya a kai gwargwadon wanda ya gani a fili. Bambancin shi ne, abin da Shata yake ƙerawa magana ce, abin da mai jaz yake ƙerawa kari ne, abin da ke tsaye a ƙarƙashinsa kuma jerin dammuna ne.

Tsohon zagayen da jaz ya gada shi ne na buluz, waƙar baƙin ciki da habaici ta jikokin bayi a kudancin Amurka. Gaɓa 12 ne, bugu 48, dammuna uku. Gaɓa huɗu a dami na 1, biyu a na 4, biyu a koma na 1, sa'an nan ɗaya a na 5, ɗaya a na 4, biyu a gida. Mawaƙi yakan faɗi layi ɗaya, ya maimaita shi, sa'an nan ya kawo na uku ya warware. A kowane layi kuma muryarsa ba ta cinye gaɓoɓin huɗu duka ba, yakan bar wajen rabi ga abin kiɗa ya amsa masa. A wannan gurbi na amsawa ƙiren jaz ya yi rarrafe. W. C. Handy ne ya yi suna wajen rubuta wannan tsari a takarda ya sayar, da Memphis Blues a 1912 da St. Louis Blues a 1914, amma ba shi ya ƙago shi ba, a bakin talakawa ya tsince shi.

Buluz yana da wani taurin kai wanda ya kamata a lura da shi. A dokar Turai, dami irin na mataki na 5, mai tambaya a cikinsa, ba wurin zama ba ne, wurin wucewa ne. Buluz kuwa sai ya mai da dukan dammunansa uku irin wannan, har da na gida, watau ya shimfiɗa tabarma a inda Bature ya ce ba a zama. Bugu da ƙari, mawaƙinsa yakan lanƙwasa mataki na 3 da na 7, ya sauko da su zuwa wani wuri da ba ya kan farin madanni, ba ya kan baƙi, yana tsakani. Masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafinsa Africa and the Blues na 1999, ya kawo hujjojin cewa wannan salo na rerawa ya fi kama da na yankin Sudan ta yamma da ta tsakiya, ƙasashen goge da molo da mawaƙi guda mai jan murya, fiye da na gaɓar teku inda manyan ganguna suka fi rinjaye. Ƙasar Hausa tana cikin yankin da ya ambata. Ba dukan masana suka yarda da shi a kan kome ba, amma wanda ya taɓa sauraron mai goge yana ja da murya ba zai ga maganar baƙuwa ba.

A birnin New Orleans, inda jaz ya tashi a farkon ƙarni na 20, ƙire na taro ne, masu busa uku suna saƙa kari a lokaci guda, ba wanda ya yi nisa da karin asali. An fara ɗaukar jaz a faifai a 1917, abin mamaki kuma ƙungiyar farar fata ce ta sami wannan dama. Louis Armstrong ne, a faya-fayan da ya yi a Chicago daga 1925 zuwa 1928, ya nuna cewa mutum ɗaya yana iya fitowa gaba ya gina nasa karin a kan dammuna, har ya fi na asali kyau. Shi ne wanda ya zo Nijeriya a 1960, ya gana da Sardauna a Kaduna.

Zagaye na biyu daga gidajen wasan kwaikwayo na New York ya fito. Waƙoƙin nan na soyayya na shekarun 1920 da 1930 galibinsu gaɓa 32 ne, kashi huɗu, kowane gaɓa takwas: na farko, a maimaita shi, a kawo wani dabam wanda ake kira gada, a sake komawa na farko. A 1930 George Gershwin ya fito da wata mai suna I Got Rhythm. Karinta ba wani abin a zo a gani ba ne, amma jerin dammunanta ya zama wa makaɗan jaz kamar gonar gandu, kowa ya zo ya yi noma. A kashi na farko dammuna suna juyawa kowane bugu biyu, 1, 6, 2, 5, suna kewaya gida. A gada kuwa dammuna huɗu ne, kowane gaɓa biyu, kowannensu yana tura mai sauraro zuwa na gaba har a iso ƙofar gida. Dokar haƙƙin mallaka, yadda aka saba fassara ta, tana kare karin waƙa da kalmominta ne, ba ta kare jerin dammuna. Saboda haka sai makaɗa suka riƙa ɗebe karin Gershwin su ɗora nasu, su sa sabon suna, kuɗin ya shigo aljihunsu. Lester Leaps In ta Lester Young a 1939, da Cotton Tail ta Duke Ellington a 1940, da Oleo ta Sonny Rollins a 1954, duk a kan wannan harsashi aka gina su. Amfanin abin ya wuce na kuɗi. Makaɗa biyar da ba su taɓa ganin juna ba suna iya haɗuwa a dandali, ɗaya ya ambaci sunan jerin da gidan da za a kafa shi, ya ƙirga huɗu, su kama kamar sun shekara tare.

Ran 11 ga Oktoba 1939 Coleman Hawkins, mai busa saksofon, ya ɗauki wata waƙa da kowa ya sani, Body and Soul. Faifan garmaho na lokacin minti uku da 'yan kai yake ɗauka, watau zagaye biyu, gaɓa 64. Ya ɗan taɓa karin waƙar a gaɓoɓin farko, daga nan ya sake shi, bai ƙara komawa kansa ba. Abin da ya rage duk nasa ne, yana hawa yana sauka a cikin kowane dami kamar mai duba ɗakunan sabon gida ɗaya bayan ɗaya. Faifan ya sami kasuwa ƙwarai, abin da ya ba shi kansa mamaki. Daga ranar aka tabbata cewa dammuna kaɗai sun isa su riƙe waƙa.

Samarin da suka biyo baya sun ɗauki wannan darasi suka kai shi inda Hawkins bai zata ba. A farkon shekarun 1940 sukan taru bayan an tashi daga aiki, a wani gidan rawa na unguwar Harlem mai suna Minton's, cikinsu har da Dizzy Gillespie mai ƙaho, da Thelonious Monk mai fiyano, da Kenny Clarke mai ganga. Salon da suka fito da shi aka sa wa suna bibof, jagoransa kuwa Charlie Parker ne, mutumin Kansas City, wanda aka haifa a 1920.

Labarin Parker shi ne amsa ga mai cewa jaz son rai ne. Yana saurayi ɗan shekara 16 ko kusa da haka ya shiga wani zaman gwaji a garinsu, ya fara busa, ya rikice, ya kasa gane inda zagaye ya kai. Sai mai ganga, Jo Jones, ya ciro farantin tagullar da ake kaɗawa tare da ganguna ya jefa a gabansa, aka bushe da dariya, yaro ya fita da kunya. Laifinsa ba rashin daɗin busa ba ne, ɓatan lissafi ne. Daga baya shi da bakinsa ya ce ya yi shekara uku zuwa huɗu yana gwaji awa 11 zuwa 15 kowace rana. Abin da ya fito da shi daga wannan horo shi ne, ya ci gaba da ɗaurin dami daga inda aka saba tsayawa. In an tsaya a mataki na 7, shi sai ya ƙara tsallakawa zuwa na 9, na 11, na 13, ya gina karinsa a can sama, inda sautukan suke da dangantaka da dami amma ta nesa. Ga wanda bai saba ba sai ya ji kamar kuskure ne, alhali kuwa kowane sauti yana da takardar shaidarsa.

A watan Nuwamba 1945 ya ɗauki Ko-Ko, wadda ya gina a kan dammunan Cherokee, waƙar Ray Noble ta 1938. Zagayenta gaɓa 64 ne, gadarta kuma tana ratsa gidaje masu nisa waɗanda masu busa suke tsoro. Saurin kiɗan ya kai wajen bugu 300 a minti, watau bugu biyar a sakan ɗaya, shi kuwa yana zuba sauti biyu a kowane bugu. Sauti goma ke nan a sakan, kowane an zaɓe shi ya dace da damin da ke ƙarƙashinsa.

A nan mai hankali zai tambaya, shin ɗan Adam yana iya yin tunani da wannan sauri? Amsa ita ce ba ya iyawa, in ana nufin ya zaɓi sauti ɗaya-ɗaya. Wani manazarci, Thomas Owens, a kundin digirinsa na 1974, ya rubuta busar Parker wajen 250 a takarda ya bi su dalla-dalla, ya tarar yawancinsu an saƙa su ne daga ƙananan guntayen kari kimanin 100, waɗanda yake juyawa, ya haɗa, ya yanke, ya sauya musu wurin faɗuwa. Wasu da suka ji haka sai gwiwarsu ta yi sanyi, suka ce ashe hadda ce. Wannan rashin fahimta ne. Mai magana ma ba ya ƙirƙiro kalmomi sa'ad da yake magana, da waɗanda ya tarar yake aiki, duk da haka ba a ce da mai fasaha mahaddaci. Gwaninta tana wajen sanin wace za a ɗauko, a ina za a sa ta, da kuma inda za a yi shiru. An sami faya-fayan da Parker ya busa waƙa ɗaya sau uku ko huɗu a jere a rana guda, kowane ɗauka dabam yake da ɗan'uwansa.

Shekarar 1959 ita ce shekarar da rigimar ta fito fili, domin a cikinta aka ba da amsa uku masu karo da juna ga tambaya ɗaya: ina za a dosa bayan Parker, wanda ya rasu a 1955 yana da shekara 34?

John Coltrane ya ce a ƙara tsananta dokar. A watan Mayu ya ɗauki Giant Steps, gaɓa 16 kacal amma dammuna 26. Maimakon gida ɗaya, gidaje uku ya kafa, ya raba sautukan nan 12 kashi uku daidai, rabin taki huɗu tsakanin kowane gida da na gaba, yana tsalle daga wannan zuwa wancan. A saurin da aka kaɗa ta, sau da yawa dami ba ya kai rabin sakan kafin ya juya. Shi Coltrane ya daɗe yana gwajin wannan jeri a ɗaka, kuma in aka duba busarsa za a ga ya dogara ƙwarai da wani ɗan guntu mai sauti huɗu, mataki na 1, 2, 3, 5, yana ɗora shi a kan dami bayan dami. Mai fiyanonsa kuwa, Tommy Flanagan, gwani ne wanda ba a raina shi, amma bai san da irin wannan gudu za a yi ba. Ana ji a faifan yadda ya fara, ya yi tuntuɓe, ya dakata, ya sake gwadawa, a ƙarshe ya haƙura ya koma danna dammuna kawai har Coltrane ya karɓe shi. Ba a goge wannan ɗauka ba, shi aka fitar duniya ta ji. Sai a 1982 Flanagan ya sake ɗaukar waƙar a faifan kansa, ya busa ƙurar da ta zauna masa shekara 23.

Miles Davis ya ce a'a, a sassauta. A ganinsa dammuna sun yi yawa har makaɗi ya zama kamar ɗan aike mai gudu daga ofis zuwa ofis yana sa hannu, ba shi da lokacin faɗin kome. A watannin Maris da Afrilu na wannan shekara ya ɗauki faifan Kind of Blue, tare da Bill Evans a fiyano, da shi Coltrane ɗin a saksofon, makonni kaɗan kafin Giant Steps. Waƙar farko, So What, gaɓa 32 ce kamar yadda aka saba, amma tsani biyu ne kawai a cikinta: gaɓa 16 a kan fararen madannai in aka mai da D gida, gaɓa takwas a ɗaga kome da rabin taki, gaɓa takwas a dawo. Tunanin ya samo tushe daga littafin da George Russell ya fitar a 1953, inda ya ce a dubi kowane dami a matsayin tsani. Sai dai wanda ya zaci wannan ya fi sauƙi bai gwada ba. A jerin Gershwin dammuna suna tura makaɗi gaba ko da ba shi da abin faɗi. A nan kuwa an bar shi a fili fetal, ba bango ba inuwa, in ba shi da kari mai ma'ana kowa zai ji. Ga kuma haɗarin ɓata: kashi na ƙarshe da kashi biyu na farkon zagaye mai zuwa duk tsani ɗaya ne, gaɓa 24 a jere ba alama, ɗalibai da yawa a nan suke rasa inda suke. A ra'ayin masu sauraro dai Davis ne ya yi nasara, domin ana lissafa wannan faifai a kan gaba cikin faya-fayan jaz da aka fi saya.

Amsa ta uku ta Ornette Coleman ce, wanda ya ce a ajiye jerin gaba ɗaya. Ya fitar da fiyano daga ƙungiyarsa, aka bar kari da bugu su ja ragama, mai babban gogen nan na tsaye yana bin mai busa duk inda ya nufa. Da ya iso New York a watan Nuwamba, makaɗa suka rabu biyu, wasu suka ce sabon zamani ya zo, wasu suka ce bai iya ba ne kawai. Amma ko a busarsa, kukan buluz bai ɓace ba.

Akwai wani labari da Herbie Hancock, wanda ya kaɗa wa Davis fiyano a shekarun 1960, ya sha bayarwa. Wata rana suna tsakiyar wasa, Davis yana busa, sai shi Hancock ya danna wani dami wanda ba shi ne ba sam, har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Davis ya ɗan dakata, sa'an nan ya busa waɗansu sautuka da suka sa damin nan ya zama daidai. Ba yafe masa ya yi ba, bai ma ɗauki abin a matsayin laifi ba, ya ɗauke shi a matsayin abin da ya faru wanda ake bukatar a amsa. Sai dai kafin mutum ya iya gyara dami a cikin ƙiftawar ido, sai ya san dukan dammunan da ke maƙwabtaka da shi, da ƙofar da ke tsakaninsu.

Daga baya wannan ilmi ya bar gidajen rawa ya shiga aji. Jamey Aebersold ya fara fitar da faya-fayan gwaji a 1967, inda aka ɗauki fiyano da ganga suna zagaya jeri, aka bar wa ɗalibi gurbin busa. A tsakiyar shekarun 1970 wasu ɗaliban makarantar kiɗa ta Berklee a Boston suka tattara ɗaruruwan waƙoƙi da dammunansu a wani kundi mai suna The Real Book, aka yi ta sayar da shi a ɓoye ba da izinin masu waƙoƙin ba, sai a 2004 aka fitar da halattaccen bugu. An sami riba, domin abin da Parker ya sha jifa kafin ya gane, yanzu yaro yana samunsa a shafi ɗaya. An kuma yi hasara. Koyarwar da ta ce ga dami kaza, ga tsanin da ake busawa a kansa, takan fitar da ɗalibai waɗanda ba su kuskure, ba su kuma faɗin kome, in an ji ɗaya an ji goma. Tsofaffin makaɗa da kunne suka koya, suna maimaita faifai har ya lalace, shi ya sa da sauti biyu ake gane Lester Young daga Hawkins.

Ƙofar da Davis ya buɗe kuma ta kai wasu nesa da Amurka. Da zarar an yarda cewa ana iya ƙire a kan tsani ɗaya ba tare da dammuna suna juyawa ba, sai ido ya koma kan al'ummomin da suka daɗe suna yin haka, watau Indiya da ƙasashen Larabawa da Afirka. Coltrane ya fitar da Africa/Brass a 1961, a shekarar kuma yana busa wata waƙa da ya sa wa suna India. Abokinsa Yusef Lateef, wanda ya tashi a Detroit ya ƙware a jerin bibof tun yana saurayi, bai tsaya ga sauraron faifai ba. Ya zo Zariya a 1981, ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello har 1985, yana koyarwa yana bincike. A 1983 ya ɗauki wani faifai a Legas tare da makaɗan ƙasar nan, ya sa masa suna In Nigeria. Abin da ya fi ba da ƙarfi a kansa a bincikensa kuwa shi ne sarewar Fulani makiyaya, wadda ba ta fitar da sauti biyu a lokaci guda, balle a yi maganar dami.